Takalmin Birkin Jar Motarki

Greensboro, ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Ohio lafiya, ke da jar motarki, Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a sabon ɗakinki da wurin sabon aikinki. Mamanki tana gaishe ki. Ita za ta cusa takardar cikin jakarki gobe, don na san in na miƙa miki da hannuna a gabana za ki buɗe, ni kuwa ba zan iya tsayawa ina kallon fuskarki kina karantawa ba.

Ina zaune a bakin gareji, ƙofa a ɗage, motarki tana kan jak, na cire tayoyin gaba. Iska tana kaɗa ganyen itacen maƙwabta a hankali, unguwa shiru, duk sun tafi coci. Jiya muna cin abinci kika tambaye ni, rabi da Hausa rabi da Turanci yadda kika saba, wane takalmin birki za ki sa mata in kin fara zuwa filin tseren da ke can, tunda da tayoyinki na titi za ki riƙa shiga. Na ce miki "na tsakiya", na ci gaba da cin tuwona. Kika yi dariya kika ce wannan ba amsa ba ce. Gaskiyarki. Amsar tana da tsawo, kuma a cikinta akwai abubuwan da na yi waɗanda ba na alfahari da su.

A Maradi plaket muke ce wa takalmin birki, kuma iri ɗaya muka sani: wanda ya shiga. In ya shiga gurbinsa, ya kama faifan ƙarfen da ke bayan taya, shi ke nan, direba ya yi bismilla ya kama hanya. Na yi shekara goma sha ɗaya ina tuƙa kamyo, babbar motar kaya, kafin na koma kanikanci, kuma da wannan girman kan na zo ƙasar nan. Ina ganin babu abin da wani zai koya mini game da tsayar da mota.

Ba lalle ki tuna Mista Holt ba. Wani tsoho ne dogo, likitan haƙori da ya yi ritaya, yana zaune a unguwar Irving Park, yana kawo mini wata tsohuwar mota shuɗiya kusan duk wata in canza mata takalmi. Ina mamakin yadda tsoho mai tafiya da ƙyar yake cinye birki haka. Wata rana ya jingina da bango yana kallona ya ce, "Isufu, shekara uku kana gyara mini birki, ba ka taɓa tambayar inda nake kai shi ba. Ranar Asabar ka biyo ni da motarka."

Na bi shi. Muka tashi bayan asuba, muka yi arewa har muka tsallaka cikin Virginia. Uwata, har yau in na rufe ido ina ganin wannan safiyar. Hazo kwance a kan ciyawa kamar an shimfiɗa farin mayafi, kwalta baƙa wuluk tana hawa tudu tana gangarowa tana ɓacewa cikin itatuwa, can bayan shinge shanun wani manomi suna kiwo ba ruwansu da kowa. Babu danja, babu ɗan sanda, babu mai tsallaka titi. Aka ce mini ba tsere ake yi da kowa ba, kowa zagayensa yake yi, sabon shiga kuma malami ke zama a gefensa. Malamata wata dattijuwa ce, Mis Karol, ƙarama, gashinta fari fat. Na sa hular kwano, duniya ta yi shiru, numfashina kawai nake ji. Da na taka totur a doguwar miƙaƙƙiyar hanyar nan sai na ji kamar ba ni da nauyi, kamar na bar kuɗin haya da takardun zama da ciwon baya duk a bakin ƙofa.

Kuskurena na farko, da takalmin titi na shiga, irin wanda nake sa wa motocin masu kai yara makaranta. Sabo ne fil, shi ya sa na ce ya isa. Zagaye uku lafiya lau. A na huɗu, ƙarshen doguwar hanyar, na taka birki, feda ta yi tauri kamar na taka dutse, amma motar ba ta rage gudun kirki ba. Wani ƙauri ya cika motar, kamar an ƙona gashi. Kwana tana tahowa. Mis Karol ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce, "Kada ka juya sitiyari. Miƙe kawai, ciyawar nan don haka aka bar ta." Muka shiga ciyawa, motar ta yi ta tsalle har ta gaji ta tsaya. Hayaƙi yana fita daga tayoyin gaba sannu sannu yana hawa sama. Ta juyo ta ce, "To, yanzu ka san ƙamshinsa."

Takalmin titi an yi shi ne don taka ɗaya a danja, sannan ya huta. A fili ba ya samun hutu, zafi yana taruwa a kansa zagaye bayan zagaye har ya daina kamawa. Ki koyi bambanta abu biyu da ƙafarki. In feda ta yi tauri mota kuma ba ta tsayawa, takalmi ne ya ƙone. In feda ta yi laushi tana nutsewa ƙasa, man birki ne ya tafasa. Tsohon mai yana shan ruwa daga iska, shi ya sa yake saurin tafasa, don haka kada ki shiga fili da man da ya shekara a mota, ki zuba sabo mai jure zafi. Kuma duk biyun suna yin gargaɗi kafin su ci amanarki. Ni na ji ƙaurin tun a zagaye na uku, na ce wa kaina na motar gabana ne. In hancinki ko ƙafarki suka ce miki wani abu ya canza, ki ɗaga ƙafa ki fito. Ba wanda zai yi miki dariya, in ma an yi, kina da rai kina ji.

Kunya ce ta kai ni kuskure na biyu. Na dawo gida ina jin dariyar da ba wanda ya yi mini. Na ɗauko littafin kayan mota, na bi da yatsa har ƙasan shafi, inda takalmin da ya fi kowanne kamu yake, na motocin tsere na gaske masu faffaɗan tayoyi masu laushi kamar danƙo. Na buga waya na sayo na gaba da na baya duka. Mista Holt ya ga kwalin a kan teburina, ya juya shi, ya leƙa tayoyin motata, ya girgiza kai.

Ya ce, "Wane taya za ka sa da wannan?"

Na ce, "Waɗannan dai da kake gani."

Ya ce, "Isufu, birki taya kawai yake tsayarwa. Tayar ce ke tsayar da mota. Ka ba wa tayar nan abin da ba za ta iya ɗauka ba."

Na yi murmushi irin na wanda ya riga ya yanke shawara. A raina na ce, likitan haƙori ne zai gaya mini birki?

Da takalmin ya ɗauki zafi a fili, taɓawa kaɗan sai tayoyi su ƙulle. Motata tsohuwa ce, ba ta da na'urar nan da ke hana taya ƙullewa. Na yi ta jan taya a kwalta, farin hayaƙi yana bina. Maimakon in tsaya da wuri sai na riƙa wuce inda nake tsayawa da, don tayar da ta ƙulle zamewa kawai take yi. Da rana ta yi tsaka, a wata kwana mai gangara, na baya suka riga na gaba kamawa. Motar ta juya. Abin mamaki ban ji tsoro ba. Komai ya tafi a hankali, kamar ina cikin ruwa: na ga itatuwa, na ga sararin sama, na ga motar da ke bayana ta zama a gabana, direbanta ya zaro ido, na sake ganin itatuwa. Na tuna lilon da muke yi a reshen tsamiya muna yara. Sai motar ta tsaya cak. A hanyar dawowa tayoyi huɗu duk sun sami tabo inda kwalta ta cinye su, tun daga Virginia har unguwarmu Glenwood motar tana dub, dub, dub, kamar ana bina da ganga.

Saboda haka kada ki zaɓi takalmi don ƙarfin kamunsa. Tayar titi riƙonta yana da iyaka, ko takalmi mai sauƙin kamu yana iya ƙulle ta. Abin da kike nema shi ne wanda zai jure zafi bai canza hali ba, wanda yadda ya amsa miki a zagaye na farko haka zai amsa a na goma, wanda kuma za ki iya sassauta masa kaɗan kaɗan kina shiga kwana. Motarki tana da na'urar hana ƙullewa, amma in kika ji feda tana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarki a kowace kwana, ba gwaninta ba ce, takalmin ya fi ƙarfin tayar ne ko ƙafarki ta yi gaggawa. Kada na baya ya fi na gaba kamu, har abada. Kuma in wanda ya daɗe a wurin ya gaya miki magana, kada ki duba mene ne sana'arsa. A wurin aikinki ma haka. Za ki tarar da waɗanda ba su da takardar injiniya irin taki amma sun san injin kamar yadda suka san 'ya'yansu.

Na uku shi ne wanda na daɗe ina kewaye shi. Na tashi na sha ruwa na dawo kafin in rubuta shi.

Na sayi sababbin tayoyi, amma ban cire takalmin tseren ba. Lalaci ne, ba wani abu ba. Aikin minti arba'in ne, ni da nake yi wa mutane shi kullum, amma na ce gobe, na ce mako mai zuwa, har kaka ta wuce sanyi ya shigo. Yana ƙara ƙiii a kowace danja, har ke kina cewa tun daga kan kwanar unguwa kike sanin na dawo. Har daɗin ƙarar nake ji, tana tuna mini da fili.

Kin tuna safiyar nan ta Janairu, kina shekara goma sha biyar? Kin makara, bas ɗin makaranta ta wuce, na ce ku shigo in sauke ki in wuce da mamanki wurin aiki. Kina baya kina cin burodi. Muka gangaro layin nan mai ɗan tudu kusa da jami'a, ban taɓa birki ba tun fitowarmu sai wurin. Wata ɗaliba ta fito a kan keke, da ɗankwali rawaya a wuyanta, tana tsallakawa, kuma hanyarta ce. Na taka a inda na saba takawa. Takalmin tsere in bai yi zafi ba, ba ya kamawa da wuri. Na ji kamar katako nake gogawa a kan gilashi. Na danna da dukan ƙarfina, mamanki ta yi salati, motar tana tafiya, tana tafiya, a hankali, har gabanta ya taɓa tayar bayan keken. Taɓawa kawai. Yarinyar ta sauke ƙafa ɗaya ƙasa, ba ta faɗi ba. Ta juyo ta dube ni ta cikin gilashi, tururin numfashinta yana fita. Ba ta zage ni ba. Ba ta girme ki da yawa ba. Ta gyara ɗankwalinta ta hau ta tafi.

Kika ce, "Baba, me ya faru?"

Na ce, "Ƙanƙara ce a kan titi."

Uwata, babu ƙanƙara. Ni ne. Na yi miki ƙarya na yi wa mamanki, kuma na bar ƙaryar a tsaye shekara bakwai. Ki yafe mini.

Yau da safe, bayan kin fita sallama da ƙawayenki, na sami mamanki a kicin tana soya miki naman tafiya, na gaya mata. Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Malam, ni na fitar da shara ranar, ƙasa a bushe take ƙarau. Kuma na ga ka dawo da yamma ka cire tayoyin nan kana canza takalmin, har sifana ta faɗi daga hannunka sau biyu."

Na ce, "To me ya hana ki magana?"

Ta ce, "Na ga ka riga ka ji. Na bar ka da ƙanƙararka har ta narke da kanta." Sai ta miƙo mini tsoka ɗaya a bakin cokali ta ce in ɗanɗana gishiri.

Inda za ki, sanyinsa ya fi namu nesa ba kusa ba. Duk takalmin da za ki hau titi da shi, dole ya kama tun takun farko, da asuba, mota tana sanyi. Wannan ba ya cikin abin da ake sassautawa. A fili kowa ya sa hula ya sa hannu a takarda, ya san abin da ya kawo shi. Yarinya mai keke ba ta sa hannu a komai ba. In wata rana hannunki ya faɗa, kika ga na tsakiyar ya fara ƙauri duk da kin yi komai daidai, to ki sayi na tsere mai sauƙin kamu, ki sa shi a fili da safe, ki cire shi a fili da yamma kafin ki kama hanyar gida, ko kin gaji, ko ana ruwa, ko kowa ya watse. Kuma in kin yi kuskure ki faɗa da wuri. Na yi zaton ɓoyewa zai rage nauyin abin, ashe ni kaɗai nake ɗauke da abin da mamanki ta yi shirin kama mini tun ranar farko.

Daga ranar ban sake tuƙi a fili ba. Na sa hular a kwali na tura saman sili. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne abin da na yi miki bayan shekara biyu, lokacin da kika sami hular kika sauko da ita kina murna, kika ce in kai ki ki gani. Na ce miki ba wurin mata ba ne. Ni da mace ce ta koya mini, mace ce ta hana ni kifewa! Tsorona ne na naɗe shi da wannan maganar don ki yi shiru. Kika mayar da hular, kika jira har kika shiga jami'a, kika sami 'yan ƙungiyar motoci, kika tara kuɗin aikin hutu kika sayi jar motar nan, kika koya a hannun baƙi abin da ya kamata ki koya a hannuna. In Allah Ya ba ki 'ya'ya, kika ji tsoro a kansu, ki ce musu tsoro kike ji. Kada ki ce musu addini ne ko al'ada in ba su ba ne.

Yanzu ga abin da na sa miki. Na tsakiya ne, irin wanda aka yi don titi da fili duka, gaba da baya daga kamfani ɗaya. Zai yi ƙura a kan tayoyi, wani lokaci ya ɗan yi ƙara, ki yi haƙuri da shi. Na zuba sabon mai. Bayan azahar zan fita da ita can bayan Sedgefield inda hanya ba mutane ran Lahadi, in sabar da takalmin da faifai: a ɗauki gudu, a taka da ƙarfi har mota ta kusa tsayawa amma kada ta tsaya, a saki, a maimaita kamar sau takwas ko goma, sannan a yi ta tafiya ba taka birki har ya huce. Duk ranar da kika sa sabo ki yi masa haka kafin fili. Kafin kowace fita ki cire taya ki duba kaurinsa da idonki, musamman na ciki, shi ke saurin cinyewa a ɓoye. In ya kai rabi, ya ishi titi amma bai ishi fili ba. In an kaɗa tutar da ke nuna lokaci ya cika, zagayen ƙarshe ki yi shi a hankali iska ta sanyaya ƙarfe, kuma in kin faka kada ki ja birkin hannu, ki bar ta a giya. Ki sha ruwa sosai. Ki shimfiɗa darduma a gefen mota in lokaci ya yi, ba wanda zai dame ki, ni ma na yi. Ranar da ranki yake ɓace, ki bar motar a gida.

Saura abu ɗaya. A bazarar da ta wuce, Asabar ɗin da na ce muku zan je duba motar wani a Danville, wurinki na je. Na faka can nesa, na hau tudun da 'yan kallo ke tsayawa, na ja hulata ta rufe fuska. Na gane motarki tun daga nesa, ja a cikin kore, ƙarama kamar ƙwaro. Na riƙa kallon fitilun birkinki. Suna kamawa a wuri ɗaya kowane zagaye, su yi haske, su mutu a hankali, motar ta kwanta cikin kwana kamar ana zuba ruwa a kwano. Babu hayaƙi, babu ƙara. Wani mutum kusa da ni ya ce wa abokinsa, "Mai jar motar nan ya iya." Na ce masa da Turancina, "Mace ce. 'Yata ce." Na sauko na tafi kafin ki fito, don idona ya cika.

In kin zauna kin san filin can, ki kira ni. Zan hau bas in zo. Ina so in zauna a kujerar gefe ki zagaya da ni, ko sau biyu ne. Na yi alkawari ba zan ce miki ki rage ba, hannuwana za su zauna a kan cinyata. In kika ji ina motsa baki, addu'a ce, ki ci gaba da tuƙinki.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Allah Ya tsare mutane daga motarki, Ya tsare ki daga ta mutane. Ya haɗa ki da abokan aiki na kirki da maƙwabta masu tausayi, Ya yi wa aikinki albarka, Ya dawo mana da ke cikin ƙoshin lafiya. Ki kira mamanki duk inda kika tsaya shan mai, kin san ba za ta zauna ba sai ta ji muryarki. Na yafe miki duniya da lahira, Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isufu